Gida ko Kango: Yadda Ake Ƙirga Kawa da Amsa-kuwwa a Ƙasan Teku

Ina yaro na taɓa raka gwaggona sayen randa a nan cikin birni. Mai tukwanen ta jero mana guda uku, dukansu jajaye sumul, babu wadda ido zai kushe. Gwaggo ko tsayawa kallo ba ta yi ba. Ta lanƙwasa yatsa ta ƙwanƙwasa ta farko, ta karkata kai. Ta ƙwanƙwasa ta biyu, ta ture ta gefe. Mai kaya ta ce, "Haba Hajiya, wannan ai shekaranjiya ta fito daga wuta." Gwaggo ta dube ni ta ce, "Zo nan ɗan nan, kawo kunnenka." Ta farko tana amsawa da ƙara mai tsawo kamar ƙararrawa, ta biyu kuwa amsarta gajeriya ce, a dushe. Tsaga ce a jikinta, siririya, wadda sai an zuba ruwa za ta tona kanta.

Wannan dabarar ta a bugi abu a saurari amsarsa, ita ce masana teku suke amfani da ita yau, da na'urori masu tsadar gaske, don su san yawan kawar da ta rage a kan tuddan ƙarƙashin ruwa. Dabarar tana aiki ƙwarai, amma akwai inda take tsayawa cak, kuma a daidai wurin ne ake yawan ruɗuwa.

Bakanon da bai taɓa zama bakin teku ba zai ce, mece ce kuma kawa? Halitta ce mai taushin jiki da ke zaune cikin ɓawo biyu masu tauri, 'yar'uwar ƙumbar nan da yara kan tsinto a bakin kogi. Ta fi son wuraren da ruwan kogi yake gauraya da na teku. Makonni biyu zuwa uku na farkon rayuwarta tana yawo ne a cikin ruwa, mitsitsiya, daga nan sai ta nemi abu mai tauri ta manne, kuma inda ta manne nan za ta ƙare kwanakinta. Abin da ta fi son mannewa a kai shi ne ɓawon wata kawar. Haka 'ya ke hawa kan uwa, jika kan 'ya, ɗaruruwan shekaru, har a sami tudu guda a ƙasan ruwa, samansa rayayyu, ƙasansa gidajen kakanni. Wanda ya san yadda gini yake tashi a kan tsohuwar ƙasar ginin da ya rushe a unguwannin cikin ganuwa, ya gane abin. Mai tambayar ko ana ci, ana ci, kuma a mazhabar Malikiyya abincin ruwa halal ne, kifi ne ko ba kifi ba.

Dalilin ƙirgar shi ne dukiyar ta kusa ƙarewa. Wani bincike da aka wallafa a 2011 ya ƙiyasta cewa kashi 85 cikin 100 na tuddan kawa na duniya sun salwanta. Misalin da aka fi sani shi ne mashigin tekun Chesapeake da ke gabashin Amurka, tsakanin jihohin Maryland da Virginia. A kakar 1884 zuwa 1885, Maryland kaɗai ta kwashe kwandon awo kusan miliyan 15, kowane kwando da ɗaruruwan kawa a ciki. Rikici a kan tuddan ya yi ƙamari har jihar ta kafa rundunar 'yan sandan ruwa ta musamman tun 1868, ana harbin juna a kan kawa kamar yadda ake faɗan gona. Bayan kwasar wuce kima sai cututtuka biyu suka shigo, Dermo da MSX, ta biyun ta bayyana a Chesapeake a 1959. Yau abin da ya rage a wannan yanki ɗan ƙaramin kaso ne na dā. Asarar kuma ba ta ciki kaɗai ba ce. Kawa tace ruwa take yi don ta ci. Babba guda, idan yanayi ya yi mata daɗi, tana iya tace lita kusan 190 a rana. Wani masani mai suna Roger Newell ya lissafa a 1988 cewa kawar zamanin dā kan tace ruwan mashigin gaba ɗaya cikin kwana 3 zuwa 6, wadda ta rage a lokacinsa kuwa sai ta shafe kusan shekara.

To hukumar da za ta ce wa masunta bana ku kwashi kaza, ko ta rufe wani tudu, ko ta zuba kuɗi a farfaɗo da shi, dole ta san nawa ke ƙasa. Matsalar ita ce ba a gani. Ruwan bakin kogi gurɓatacce ne da laka da gansakuka, sau da yawa mai nutso ko tafin hannunsa ba ya gani. Mu kan ce gani ya kori ji. A can ƙasa, ji ne ya kori gani.

Mutanen dā ma da ji suka yi aiki. A inda ruwa ba zurfi, sai mutum ya tsaya a kwale-kwale da doguwar gora yana sokawa: idan ta nutse, taɓo ne, idan ta yi ƙas-ƙas, ɓawo ne. A binciken da aka yi wa tuddan Maryland daga 1906 zuwa 1912, sarƙa ake ɗaurawa a jikin waya, jirgi yana janta a ƙasa, mutum yana riƙe da wayar. A kan laka sarƙar takan bi shiru, da ta hau ɓawo sai hannunsa ya ji kakkarwa, ya yi magana a rubuta. A shekarun 1970 aka ci gaba, aka riƙa jan makirufo a ƙasa ana sauraron ƙarar gogayyarsa. Saboda haka sona, na'urar sauti da ake wannan aiki da ita yau, ba baƙuwar fikira ta zo da ita ba, tsohuwar ta kaifafa.

Sona dai amsa-kuwwa ce da agogo. Na'urar tana sakin ɗan gajeren sauti, ta jira ya daki ƙasa ya dawo, ta auna lokacin. Sauti yana tafiyar mita kusan 1,500 a daƙiƙa cikin ruwan teku, ninki huɗu da wani abu na gudunsa a iska, wanda bai wuce mita 340 ba. Tun 1826 wasu masana biyu, Colladon da Sturm, suka auna gudun nan a tafkin Janiba da ke Turai ta hanyar buga ƙararrawa a cikin ruwa, suka sami mita 1,435 a daƙiƙa. Nutsewar jirgin Titanic a 1912 da jiragen ƙarƙashin ruwa na Yaƙin Duniya na Ɗaya su suka sa aka mayar da ilimin na'ura. A 1914 Reginald Fessenden ya jiyo amsa-kuwwa daga dutsen ƙanƙara mai nisan kilomita kusan 3. Idan tudun kawa yana zurfin mita 6, sautin zai je ya dawo cikin kashi 8 daga 1,000 na daƙiƙa. Duk wadda aka taɓa yi wa sikanin na ciki a asibiti ta ga ƙanwar wannan na'ura.

Lokacin dawowa zurfi kawai yake faɗa. Abin da ya fi amfani ga mai neman kawa shi ne yanayin amsar, wato dai abin da gwaggo take saurare. Laka mai taushi tana shanye sauti, ta mayar da kaɗan. Yashi yana mayar da matsakaici. Ɓawo yana da tauri, yana da kaushi, sai ya watsa sautin ya dawo da ƙarfi. Na'ura mafi sauƙi, mai harba sauti guda kai tsaye ƙasa, tana iya ware waɗannan: amsar farko tana nuna kaushin ƙasa, amsa ta biyu, wadda ta daki ƙasa ta daki saman ruwa ta sake komawa, tana nuna tauri. Aibinta shi ne abin da ke ƙarƙashin jirgin kawai take ji. Tsakanin layin da jirgin ya bi da na gaba sai dai kwamfuta ta yi cike, kamar wanda ya bi titin Zariya da titin Maiduguri ya ce ya san abin da ke tsakaninsu.

Wadda aka fi dogaro da ita a aikin kawa ita ce mai duban gefe. Wani ƙarfe ne mai siffar kifi da jirgi ke ja a baya, yana watsa sauti dama da hagu, a karkace, yana share faɗin gomman mitoci a kowane ɓangare. Abin da ke fitowa a allo kamar hoton da aka ɗauka da daddare ne, an haska tocila daga gefe: abu mai tauri yana fitowa da haske, laka da duhu, duk abin da ya taso kuma yana jefa inuwa a bayansa, daga tsawon inuwar a lissafa tsayinsa. Wanda ya saba zai nuna maka gefen tudu, da hanyoyin da manjagarar masunta ta karce, har tayar mota da wani ya jefar. Amma tana da makanta a daidai ƙarƙashinta, sai an maimaita layi don a rufe gurbin. Kuma bakin kogi wuri ne mai wuyar sha'ani, domin ruwan daɗi kan kwanta a kan na gishiri, gudun sauti ya bambanta a tsakaninsu, sai ya lanƙwashe, hoton ya yi zane-zanen ƙarya. Shi ya sa ake yawan tsayawa a auna gishiri da zafin ruwa kafin a ci gaba.

Akwai mai harba ɗaruruwan sauti lokaci guda a buɗe kamar mafici, wadda ke fitar da tsayi da kwarin ƙasa har bambancin 'yan santimitoci. Akwai kuma mai sakin sauti mai kauri, wadda ke ratsa laka ta jiyo tsohon tudun da ya binne. Bambancinsu yana ga kaifin sautin. Sauti siriri, misali mai kilohaz 500, wato kaɗawa sau 500,000 a daƙiƙa, tsawon kowane zangonsa milimita 3 ne kacal, don haka yana ganin ƙananan abubuwa, amma ba ya nisa, ba ya ratsa ko 'yar laka. Mai kauri yana nisa yana ratsawa, amma hotonsa dishi-dishi ne. Ba a samun biyun a tukunya ɗaya.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Duk waɗannan na'urori ɓawo suke ji, ba kawa ba. Ɓawon da mai shi yake ciki da rai, da wanda mai shi ya mutu bara, da wanda ya mutu tun zamanin kakanni, duka sinadari ɗaya ne, tauri ɗaya, amsa kusan ɗaya. Tsakuwa ma takan yi irin amsar, haka busasshen yumɓu, haka tarin wasu ƙumbar da ba kawa ba.

Mu a Kano mun san irin wannan matsalar ta wata fuskar. Rabon Najeriya da ƙidayar jama'a tun 2006, wadda aka shirya yi a 2023 kuma aka ɗage ta. A tsakani, masu aikin rigakafin shan-inna sun koma ga hotunan tauraron ɗan'adam don zana taswirar unguwanni da ƙauyuka, kuma abin ya taimaka ƙwarai, domin an gano rugage da ƙauyukan da tsofaffin taswirorin hannu suka tsallake. Amma hoto daga sama rufin kwano yake nunawa. Gida ɗaya a Kurna ko Fagge yana iya ɗaukar mutum talatin, magidanta uku da 'yan haya. Gidan da ya ninka shi uku a Nasarawa wataƙila mutum biyar ne da maigadi. Can bayan gari kuma ga gidaje jere, an rufa an sa ƙofa, babu kowa ciki sai ƙadangaru. Daga sama duka gida ne. Kafin a mayar da rufi ya zama adadin mutane, sai wani ya taka ƙasa, ya yi sallama a wasu zaɓaɓɓun gidaje, ya ƙirga kawuna. Sona ita ce hoton saman nan. Tana zana maka iyakar gari, ba ta san gida da kango ba.

Kuma wannan ba tsoron banza ba ne, alƙaluma sun nuna shi. A 2012 wasu masana ƙarƙashin jagorancin Philine zu Ermgassen suka kwatanta tsofaffin bincike na gaɓar Amurka da na zamani. Suka tarar faɗin tuddan kawa ya ragu da kashi 64 cikin 100, amma nauyin kawa mai rai ya ragu da kashi 88. Wato tuddan da ke tsaye har yanzu, da yawansu sun zama fanko. Wanda ya auna faɗi kaɗai zai ce sulusi ya rage, alhali abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin takwas ba. A ganina wannan tazarar da ke tsakanin 64 da 88 ita ce gaba ɗayan maganar.

Saboda haka bayan jirgin sona ya gama, sai jirgi na biyu ya fita, na masu shiga laka. Kayan aikinsu uku ne, kowanne da lalurarsa. Na farko manjagara ce ta ƙarfe mai jakar raga a baya, a ja ta a ƙasa na ɗan lokaci a ɗago. Ita ce mafi sauri, da ita Maryland take binciken kaka tun 1939. Sai dai tana tsalle, tana cika kafin a gama ja, kuma rabon da take kamawa daga abin da ta bi ta kansa yana canzawa daga tudu zuwa tudu, har daga matuƙi zuwa matuƙi. Ta fi dacewa da nuna ko bana ta fi bara, ba nawa ne a ƙasa ba. Na biyu wani ƙaton awartaki ne mai haƙora da inji ke saukewa, ya cafko duk abin da ke cikin wani sanannen faɗi, ya ɗago. Wannan ya fi ba da lissafi, amma a kan tudun da aka gina da duwatsu haƙoransa ba sa kamawa. Nan sai na uku, mai nutso, ya sauka da ƙarfe mai kusurwa huɗu, ya aza shi a ƙasa, ya tsince duk abin da ke ciki da lalube ya zuba a jaka. Shi ne mafi gaskiya, shi ne mafi tsada, kuma 'yan wurare kaɗan yake iya yi a wuni.

Lissafin a takarda mai sauƙi ne: faɗin tudu sau yawan kawa a kowace murabba'in mita. Mu ƙaddara sona ta nuna tudu mai hekta 100, wato murabba'in mita miliyan 1. Idan samfurin da aka ɗebo ya ba da kawa 20 a kowace mita, an sami miliyan 20. Idan 5 ya bayar, miliyan 5. Yanzu a ce mai karanta hoton ya yi kuskuren hekta 10 a iyakar tudun. Asarar kashi 10 ce cikin 100. Amma bambancin 5 da 20 ninki huɗu ne, kuma samun irin wannan bambanci a tudu ɗaya ba abin mamaki ba ne, domin kawa zaman cincirindo take yi: nan curi guda mai ɗari, taku biyu gaba babu ko ɗaya. Ke nan mafi yawan kuskuren yana ɓangaren da sona ba ta taɓa ba. Abin da ke ba ni tsoro shi ne, taswirar tana fitowa da launuka masu kyau, ja da kore da shuɗi, tana shiga ofis tana burge manya, lambar da aka samo daga cafka ashirin ko talatin kuwa tana can ƙasan shafi ba mai tambayarta.

Duk ɗan kasuwar Dawanau ya san wannan ba tare da ya shiga aji ba. Ƙirga buhunan da ke cikin sito abu ne mai sauƙi. Abin da ke cikin buhun shi ne magana, shi ya sa mai saye yake soka ƙarfen nan mai kogo ya zaro ƙwaya ya duba, kuma ba ya yarda ya soki na bakin ƙofa kaɗai, sai ya sa an ɗaga an zaro na tsakiya da na ƙasa.

A nan ne ainihin amfanin sona yake, a ra'ayina, fiye da hoton kansa: tana gaya wa mai awartaki inda zai soka. Kafin ita, rabin cafkar kan faɗa cikin laka a banza, ko kuma a koma wuraren da masunta suka nuna, waɗanda dama su ne mafi albarka, sai lissafi ya kumbura. Da taswira a hannu, ana raba ƙasan gida-gida, nan ɓawo mai kauri, nan ɓawo gauraye da yashi, nan gauraye da laka, sai kwamfuta ta zaɓi wuraren ɗiba a kowane rukuni ba da son rai ba. Kowane rukuni a fitar da matsakaicinsa, a ninka da faɗinsa, a tara. Da yawan cafka iri ɗaya, sai a sami ƙiyasin da ya fi na dā matsewa nesa ba kusa ba.

Aikin Harris Creek a Maryland ya nuna yadda ake haɗa biyun. Wani rafin teku ne da aka hana kamu a cikinsa, aka farfaɗo da eka kusan 350 na tudu, aka kammala a 2015. Da sona aka zaɓi inda ƙasa ke da taurin da zai ɗauki duwatsu da ɓawo kada su nutse, da ita kuma ake komawa a duba ko tudun yana nan da tsayinsa da faɗinsa. Amma ma'aunin nasara da aka gindaya ba na hoto ba ne: aƙalla kawa 15 masu rai a murabba'in mita, burin kuma 50, a kan kashi 30 cikin 100 na tudun, tare da samun masu shekaru daban-daban. Wannan sai awartaki da mai nutso.

Akwai kuma tambayar da sona kaɗai ke iya amsawa da wuri. Da guguwar Ike ta afka wa mashigin Galveston na jihar Texas a 2008, ta kwaso laka ta binne tuddai. Hukumar jihar ta bi da na'ura mai duban gefe, ta kwatanta da abin da ta sani kafin guguwar, ta tarar kusan rabi ko fiye sun shige ƙarƙashin laka. Tudun da laka ta rufe kuwa ya tashi daga aiki, domin 'ya'yan kawa ba su da wurin mannewa. A irin wannan hali ba sai an ƙirga mazauna ba, garin ne ya ɓace.

Wani zai ce, me ya sa ba za a tambayi masunta ba, ai abin da suke saukewa a gaɓa shaida ne? Shaida ce mai ruɗi. Masunci ba ya jefa manjagararsa ko'ina, inda ya san da saura yake zuwa, kuma yau shi ma yana da GPS da 'yar sonarsa a jirgi. Kwandonsa zai ci gaba da cika yayin da tuddai ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya, har ranar da na ƙarshe ya ƙare. Mashigin Apalachicola na jihar Florida ya taɓa samar da kusan kashi 90 cikin 100 na kawar jihar. A 2012 kamun ya durƙushe, bayan fari da ƙarancin ruwan kogi sun sa gishiri ya yi yawa, maƙiyan kawa daga teku suka shigo, ga kuma kwasa. Florida ta kai jihar Georgia Kotun Ƙoli a kan ruwan kogin, ta sha kaye a 2021, kafin nan kuma a 2020 ta rufe kamun kawar daji a mashigin na tsawon shekara biyar. Taswirar ma takobi ce mai kaifi biyu. Wadda ta nuna wa hukuma inda za ta kare, ita ce za ta nuna wa ɓarawon dare inda zai jefa manjagara.

Ana ta ƙoƙarin a koya wa kwamfuta ta bambance rayayye da matacce daga amsar sautin, kuma akwai tushe a maganar. Kawa mai rai tana girma a tsaye, curi-curi, baki sama, don haka tudunta ya fi kaushi; mataccen ɓawo kuwa kwanciya yake yi, laka ta fara cike shi. A wasu wurare an sami alaƙa tsakanin kaushin da na'ura ta auna da yawan masu rai. Amma alaƙar ta wurin ce. Tudun da masunta ke karcewa kullum a baje yake ko da akwai masu rai, wanda cuta ta kashe watan jiya kuwa yana nan tsaye ƙyam kamar lafiya lau. Kwamfutar da ta koyi darasi a rafi ɗaya, idan aka kai ta wani, sai an sake ɗebo mata samfuri da hannu.

Mu ma a wannan yanki ba mu rasa kawa ba. Daga Sanagal har Neja Delta akwai wadda ke manne wa saiwoyin itatuwan bakin teku, kuma mafi yawan masu ɗibarta mata ne. A Gambiya ƙungiyarsu mai suna TRY, da aka kafa a 2007, ta sami haƙƙin kula da kamun a dausayin Tanbi a 2012, suna rufe shi mafi yawan watannin shekara. Su ba su da buƙatar sona, domin idan ruwa ya janye kawar tana fili, ido na ganinta. A kogin Kwara ma akwai irinta ta ruwan daɗi da ke manne wa duwatsu. Abin da ya fi kusa da mu a Kano shi ne madatsun Tiga da Challawa, inda irin wannan na'urar mai sauti guda za ta iya faɗar yawan lakar da ta kwanta tun da aka kammala Tiga a 1974. Wannan tambaya ce ta zurfi, irin wadda amsa-kuwwa ta ƙware a kai.

A jirgin ƙirga kuwa, idan awartaki ya ɗago, ana juye kayan a kan tebur, a watsa ruwa a wanke laka, mutum biyu ko uku su zagaye shi da safar hannu da ma'auni. Kowace mai rai ana auna tsawonta: 'ya'yan bana daban, ƙanana daban, waɗanda suka kai inci 3 na kasuwa daban. Tsohon ɓawo mai fuska ɗaya ana auna yawansa a bokiti. Sai kuma wani rukuni da suke kira akwati, wato ɓawo biyu da har yanzu suke haɗe amma babu kowa ciki. Tunda mahaɗin ba ya daɗewa bayan mutuwa, yawan akwatuna shi ke nuna mutuwar kwanan nan. Wani akwatin yana rufe ruf, laka ta cika shi, a ido ba shi da maraba da mai rai. Irin wannan sai a ɗauko wata kawar a ƙwanƙwasa masa, a kai kusa da kunne, kafin a faɗa wa mai riƙe da littafi layin da zai rubuta.